Saiwar Alkama ko Hannun Manomi: Wa Zai Tsare Lafiyar Ƙasa?

A arewa maso yammacin Meziko, cikin jihar Sonora, akwai wani kwari da ake kira Yaqui. Alkama ake nomawa a can da ruwan madatsa, kuma a gonakin kwarin ne Norman Borlaug ya shafe shekaru yana auratayyar iri har ya fito da gajeriyar alkamar da ta cika rumbunan Indiya da Pakistan. Manoman Yaqui ba sa rowar taki. Sukan zuba wa hekta ɗaya naitirojin da ya kai kilo 250, mafi yawansa tun iri bai shiga ƙasa ba, sannan su sako ruwa. A shekarar 2005 wasu masana na Jami'ar Stanford suka bi diddigin hotunan tauraron ɗan'adam, suka gano cewa 'yan kwanaki bayan an yi ban-ruwa a kwarin, sai gansakuka ta rufe wani yanki na mashigin tekun Kaliforniya da ke kusa. Takin da manomi ya saya da guminsa ya bi magudana ya tafi ciyar da teku.

Abin da aka hango daga sama a Yaqui yana faruwa a ɓoye kusan duk inda ake noman hatsi da takin zamani. Ƙididdigar da masana suka daɗe suna aiki da ita ta nuna cewa cikin buhu uku na naitirojin da aka zuba wa hatsi a duniya, kimanin ɗaya ne ke komawa cikin amfanin da aka girbe. Alkama kuwa tana cin fili sama da hekta miliyan 200, tana ba ɗan'adam kusan kashi ɗaya cikin biyar na abincin da ke riƙe shi, tana kuma shanye kusan kashi ɗaya cikin biyar na takin naitirojin da ake zubawa a gonakin duniya. Duk wanda ya gyara yadda alkama ke ci daga ƙasa, ya taɓa tukunyar mutane da aljihunsu da iskar da suke shaƙa.

A kan yadda za a yi gyaran ne ra'ayi ya rabu biyu. Wasu sun ce maganin yana cikin iri, a ɓangaren tsiron da ido ba ya gani, wato saiwa: a binciko ƙwayoyin gadon da ke sarrafa ta, a fito da alkamar da za ta tsare taki ta kuma raya ƙasa. Wasu kuma sun ce an sha jin irin wannan albishir, kuma ƙasa tana gajiya ne saboda abin da hannun mutum ya ɗauka bai mayar ba. Kowane ɓangare ya riƙe wata gaskiya da ɗayan ke son tsallakewa, don haka ya kamata a saurare su da kyau kafin a yanke hukunci.

Hujjar masu cewa a gyara saiwa

Sai an san hanyar da taki ke bi ya gudu kafin a gane hujjarsu ta farko. Yuriya idan ta narke a gona takan koma amoniyam, shi kuwa yana manne wa laka ya zauna yana jiran saiwa. Amma cikin ƙasa akwai ƙananan halittu da amoniyam ne abincinsu. Cikin 'yan makonni sai su juya shi ya zama naitiret, wanda ba ya manne wa komai. Ruwa na zuwa ya wanke shi zuwa rijiyoyi da koguna, wani kason kuma ya tashi sama ya zama iskar naitiros oksaid, wadda ta fi kabon dayoksaid riƙe zafi sau kusan 273.

Masu bincike a Kolombiya sun lura cewa makiyayar da aka shuka wa wata ciyawa 'yar asalin Afirka, Brachiaria humidicola, ba ta tara naitiret kamar sauran filaye. Guntur Subbarao, masani ɗan Indiya da ke aiki a cibiyar binciken noma ta JIRCAS a Japan, shi da abokan aikinsa suka gano dalili: saiwar ciyawar tana tsatso wani sinadari da ke kashe wa waɗancan ƙananan halittu hanzari. Suka nemi wannan hali a alkamar da ake nomawa, suka tarar ba shi da ƙarfi. Sai suka same shi a jikin wata ciyawar daji, dangin alkama na nesa, Leymus racemosus, mai fitowa a tuddan rairayi daga gaɓar Baƙin Teku zuwa tsakiyar Asiya. Sun sanar da haka a 2007. Daga nan aka shiga aikin haƙuri tare da cibiyar CIMMYT ta Meziko, inda Masahiro Kishii ya yi ta haɗa aure tsakanin ciyawar da alkama, ana tacewa, har aka ware ɗan guntun gadon da ke ɗauke da halin aka dasa shi a nagartattun iri irin su Munal.

A 2021 aka wallafa sakamakon a mujallar PNAS ta Amurka. A gwajin da aka yi, naitiret ɗin da ke taruwa a gindin sabuwar alkamar ya ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari, iskar naitiros oksaid ta ragu da kashi 25, kuma JIRCAS ta ba da rahoton cewa amfanin bai faɗi ba ko da aka rage taki da kashi 60. Masana na kiran wannan hali BNI a taƙaice, kuma yanzu ana gwada irin a arewacin Indiya. Masu goyon baya suna jaddada cewa da auratayya aka kai ga wannan, irin wadda masu kiwon iri suka saba yi, kuma manomi zai iya ajiye irinsa ya sake shukawa baɗi.

Hujja ta biyu ta tarihi ce. Tun da ɗan'adam ya fara noman alkama, kusan shekaru dubu goma, zangarniya yake dubawa ya zaɓi iri. Saiwa ba a ganinta sai an tumɓuke tsiro, in an tumɓuke kuwa an kashe shi. Gajeriyar alkamar Borlaug ta gaji gajartarta daga wani irin Japan mai suna Norin 10, kuma amfaninta shi ne tana ɗaukar taki mai yawa ba ta kwanta ba. A 1966 Indiya ta sayo tan 18,000 na irin daga Meziko. Girbinta da ke wajen tan miliyan 12 a 1965 ya kai miliyan 20 a 1970, yau ya haura miliyan 100. Amma an zaɓi wannan iri ne a gonar gwaji mai wadatar ruwa da taki, inda tsiro ba ya buƙatar ya wahala wajen nema. A 2007 Giles Waines da Bahman Ehdaie na Jami'ar Kaliforniya suka auna, suka ga saiwar irin wancan zamani ta fi ta tsofaffin irin gargajiya ƙanƙanta. A 2020 masu bincike a Rothamsted ta Ingila suka nuna cewa ƙananan halittun da ke taruwa a gindin doguwar alkama sun bambanta da na gajeriya. Ke nan mun riga mun sauya saiwa ba da saninmu ba. Masu wannan ra'ayi suna tambaya: me zai hana mu sauya ta da sani?

Kayan aikin ma sun samu. A 2018 aka kammala karanta taswirar gadon alkama, wadda ta ninka ta ɗan'adam sau biyar. A cibiyar John Innes da ke Norwich akwai tsofaffin iri 827 da Arthur Watkins ya tattaro daga ƙasashe 32 a shekarun 1920 da 1930, kuma binciken da aka fitar a 2024 ya nuna cewa cikin zuriya bakwai da ke cikin tarin, biyu kacal alkamar zamani ta fito daga gare su. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma ga tulun a ajiye. A 2023 masana a Davis ta Kaliforniya suka gano wasu ƙwayoyin gado da yawansu ke tsawaita saiwa ko ya gajarta ta, abin da zai iya ba alkama damar kai wa danshin da ke can ƙasa lokacin fari.

Hujja ta uku ita ce mafi nauyi a wurin talaka. Iri yana tafiya da ƙafarsa. Sabuwar dabarar noma tana buƙatar malamin gona, da taro, da kuɗi, da shekaru ana lallashi. Iri mai kyau kuwa mudu ɗaya ya isa ya tsallaka daga maƙwabci zuwa maƙwabci, gyaran yana ɗaure a cikinsa.

Hujjar masu cewa a gyara noma

Ɗaya ɓangaren yakan fara da wata gona a Rothamsted mai suna Broadbalk. A 1843 John Lawes da Henry Gilbert suka yanka ta fegi-fegi suka shuka alkama: wani fegi ba taki, wani takin zamani, wani kashin dabbobi tan 35 a hekta kowace shekara. Har yau ana wannan gwaji. An sauya iri sau da yawa, daga dogaye zuwa gajeru, amma fegin da ba a ba shi komai yana nan a kusan tan ɗaya a hekta, kamar yadda yake tun zamanin Lawes. Fegin kashin dabbobi kuwa kabon da ke cikin ƙasarsa, wato ma'aunin ruɓaɓɓen abin da ke sa ƙasa laushi da riƙe ruwa, ya ninka fiye da sau biyu. Shekaru sama da 180 sun ba da shaida cewa abin da ake mayar wa ƙasa shi ke gina ta. Saiwa baki ce. Komai kyawun baki, sai an sa tuwo a kwano.

Sukan kuma nuna jihar Punjab ta Indiya. Iri bai gaza ba a can. Abin da ya faru shi ne shinkafa da alkama suka kori wake da sauran amfanin da a da ake karɓa-karɓa da su, yuriya ta yi arha saboda tallafin gwamnati, rijiyoyin burtsatse suka yi ta zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa yana ja da baya shekara bayan shekara, karan shinkafa kuma ana banka masa wuta don a yi saurin shuka alkama. Babu ƙwayar gadon da za ta hana manomi ƙona abin da ya kamata ya ruɓe a gonarsa.

Hujjarsu ta biyu ita ce ƙasa ba iri ɗaya ba ce. Su kansu masu binciken BNI sun bayyana cewa halin ya fi aiki a ƙasa mai ɗan tsami ko matsakaiciya, alhali yawancin gonakin alkama na Pakistan da arewa maso yammacin Indiya ƙasa ce mai kanwa. Doguwar saiwa tana da amfani inda ruwa ke can ƙasa, amma inda akwai dutse ko gishiri a ƙarƙashi, wahalar banza ce. Kuma tsiro yana da iyakar abin da yake samu daga hasken rana: abin da ya tura ƙasa, an rage shi daga zangarniya. Misali a fili shi ne Kernza, hatsin da cibiyar Land Institute ta Kansas ke ginawa daga wata ciyawa dangin alkama mai rayuwa shekara da shekaru. Saiwarsa na nutsawa kusan mita uku, tana riƙe ƙasa tana tare naitiret, amma ƙwayar da yake bayarwa ba ta kusanci ta alkama ba, tana kuma raguwa bayan 'yan shekaru. Manomi buhu yake kaiwa kasuwa, babu mai sayen saiwa.

Ta uku ita ce abin da ke biyo baya ba a zata ba. Lawes da Gilbert sun riƙa adana samfurin ƙasa da na ƙwaya, magadansu suka ci gaba. Da aka auna waɗannan samfura, rahoton 2008 ya nuna cewa sinadaran zinki da ƙarfe a ƙwayar alkamar Broadbalk sun fara raguwa tun ƙarshen shekarun 1960, daidai lokacin da gajeren iri ya shigo, alhali ba su ragu a ƙasar ba. An ƙara buhu, an rage abin gina jiki, kuma sai bayan shekaru arba'in aka tabbatar. Akwai kuma wani guntun gado da aka ɗauko daga hatsin ƙasashen sanyi da Turawa ke kira rye aka sa wa alkama. Ya ƙara wa saiwa ƙarfi, ya kuma zo da kariya daga cutar tsatsar kara, saboda haka aka baza shi a miliyoyin hekta. A 1998 aka ga wani sabon nau'in tsatsa a Uganda, wanda aka sa wa suna Ug99, ya karya wannan kariya, gonakin ƙasashe da yawa suka wayi gari cikin haɗari iri ɗaya. In aka sake ɗauko guntu ɗaya daga ciyawa ɗaya aka dasa wa alkamar duniya, wa ya san abin da ya biyo shi?

Ta huɗu kuwa daga Yaqui ɗin kansa ta fito. Tun 1998 Pamela Matson da abokan aikinta suka nuna cewa in manomi ya rage taki, ya kuma jinkirta zuba shi zuwa lokacin da tsiro ke buƙata, asarar za ta ragu sosai, girbi ba zai taɓu ba, kuɗi kuma za su saura a aljihu. Magani ne da ba ya jiran ɗakin gwaji. Masu wannan ra'ayi suna tsoron kada albishirin sabon iri ya zama uzurin ƙin yin abin da aka riga aka sani.

A ɗora su a sikeli

Wannan hujja ta ƙarshe takobi ce mai kaifi biyu. Bayan an nuna wa manoman Yaqui hanyar, yawancinsu ba su sauya ba, domin ƙungiyoyin da ke ba su rance su ne ke da ta cewa kan yadda za a zuba taki, kuma wanda bashi ke wuyansa ba ya wasa da girbinsa. Masu gyaran noma za su ce ga shaida cewa matsalar ta rance ce da siyasa. Masu gyaran saiwa za su ce ga shaida cewa sauya al'ada ya fi sauya iri wuya. Dukansu sun yi gaskiya, kuma wannan ne ya sa nake ganin kuskure ne a tilasta wa mutum zaɓen ɗaya.

Abin da gardamar ke yawan mantawa shi ne ciwon ƙasa iri biyu ne. Akwai ƙasar da aka ɗura wa taki har tana amai, kamar Yaqui da Punjab da arewacin Sin. Akwai kuma ƙasar da ke kwana da yunwa. A taron Abuja na 2006 shugabannin Afirka sun yi alkawarin ɗaga takin da ake zubawa daga kilo 8 zuwa kilo 50 a hekta kafin 2015, kuma wa'adin ya wuce ba a kai ba. A ƙasa ta farko, saiwa mai tsare naitirojin tana rage ɓarna da gurɓata ruwa. A ta biyu, tana iya sa buhu ɗaya ya yi aikin da ya fi na da, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai noman rani a Kadawa ko kwarin Haɗeja da ke sayen yuriya da tsada ya kuma sako mata ruwa. Sai dai mai gadi ba ya tsare abin da ba a ajiye ba. Gonar da aka kwashe karanta, aka hana ta kashin dabba, aka yi ta shuka abu ɗaya a kanta, babu saiwar da za ta biya mata bashin.

Akwai abin da ya shafe mu kai tsaye a wannan bincike. Dawa tana cikin amfanin gonar da aka tabbatar saiwarsu na fitar da irin wannan sinadari. Nata ana kiransa sorgoleone, kuma JIRCAS da cibiyar ICRISAT suna aiki a kansa. Halin da aka sha wahalar shekaru goma sha huɗu ana ɗora wa alkama, dawar da ke gonakinmu da shi aka halicce ta. Manomin Damagaram da Maraɗi da ke barin gawo a tsakiyar gona, don ya san geron da ke gindinsa ya fi kyau, shi ma da aikin saiwa yake amfana: gawo na zuƙo abinci daga zurfi, yana tara naitirojin, ya zubar da ganye da damina. Ilimin ɗakin gwaji da na bakin kunya suna nuna wuri ɗaya. In Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri, wadda alhakin binciken alkama a Najeriya ke wuyanta, za ta gwada irin waɗannan iri, to a ƙasarmu da zafinmu ya kamata a auna su, tare da dawa da geron da suka fi alkama ciyar da mu.

Matsayata

Ina tare da masu cewa a ci gaba da binciken saiwa, da zuciya ɗaya. Rabin tsiro ne da aka yi watsi da shi tsawon tarihin noma, kuma ganin yawan takin da ke salwanta, barinsa haka sakaci ne. Amma goyon bayana yana da sharuɗɗa uku, waɗanda na ɗauko daga bakin ɗaya ɓangaren.

Na farko, irin ya zama na jama'a. Alkamar Borlaug ta yaɗu ne domin babu wanda ya kulle ta. Duk ƙasar da ta nema an ba ta. Halin da aka ciro daga ciyawar daji da tsofaffin irin da kakannin manoma suka adana bai dace ya koma hajar da talaka zai riƙa saya kowace shekara ba. Na biyu, a dasa halin a iri daban-daban na kowane yanki, a kuma ci gaba da neman wasu hanyoyin samunsa, don kada a maimaita darasin Ug99. Na uku, kada a tallata shi a matsayin madadin takin gargajiya, ko shuka wake tsakanin hatsi, ko barin kara ya ruɓe a gona. Malamin gonar da zai miƙa wa manomi sabon iri, ya miƙa masa tare da wannan magana.

Sauran kuma shi ne yadda za a gane gaskiya. Girbin shekara ɗaya yana faɗin ƙarfin iri, amma ba ya faɗin halin da ya bar ƙasa a ciki. Lawes da Gilbert sun san haka, shi ya sa suka riƙa ɗibar ƙasa da ƙwaya suna rufewa a kwalabe don mutanen da ba za su taɓa gani ba, kuma waɗannan kwalabe ne suka tona abin da gajeren iri ya rage a ƙwayar alkama. Duk wanda ya zo mana da iri ya ce zai warkar da gona, mu karɓa da hannu biyu, mu kuma roƙe shi abu ɗaya: kafin a shuka, a ɗebi ƙasar gonar a rufe a kwalba, a rubuta rana. Bayan shekara goma a sake ɗiba, a ajiye su gefe da gefe a gaban manomin da ya yi aikin. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma a wannan shari'a ƙasar ce ya kamata ta ba da shaida.